Ƙashin da Ya Tsiro a Kan Leah

Rikoto, Zuru
Farkon damina

Zuwa ga baiwata, Likita Basira,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Gwaggo Maimuna da duk mutanen Sakkwato. Kada ki ga na sa miki "Likita" ki ɗauka kin 'yantu. Ke ɗiyar mace ce, ni ɗiyar namiji, ko farfesa kika zama ni ce uwargijiyarki.

A takarda na rubuto don hasken waya yana sa kaina sarawa, kuma kin san gidanmu, ko tari ka yi a ɗaki sai an yi maka sannu daga tsakar gida. Muntaka direba zai kawo miki.

Basira, ina cikin tashin hankali. Al'adata ta ɗauke tun kafin Kirsimeti. Ban damu ba, don dama ba ta da tsari. Sai ga ruwan nono yana zuwa. Ranar Lahadi ina tsaye cikin mawaƙan coci da farar riga, gaban rigar ya jiƙe ban sani ba. Mama Saloma, uwar Mika, tana layin gaba cikin zumuntar mata. Ta gani, wasu ma sun gani.

Kin san Mika ya fi shekara bai taka Zuru ba tun da aka tura rundunarsu gabas. To ki haɗa lissafin da mutane suka haɗa. Na je asibiti an gwada, an ce ba ciki. Da na kawo takardar sai magana ta koma wai na zubar ne.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, ranar kasuwa wai na wuce Mama Saloma tana kirana da hannu, ban durƙusa ba, ban ko waiwaya ba. Ta faɗa a gaban masu sayar da daddawa cewa kunyar abin da na aikata ce ta hana ni haɗa ido da ita. Wallahi ban gan ta ba. Kwanan nan ba na ganin abin da ke gefena. Na sha buga kafaɗa da ƙofar ɗakina, kuma saura kaɗan mai babur ya kwashe ni.

Shekara bakwai Mika ya yi yana golmo, noman neman aurena, a gonar Baba, shi da abokansa, don Baba ya ce ko coci ta ce an daina noma wa surukai, shi ba zai ba da 'ya ga wanda bai ga zufarsa a kunya ba. An sa rana Kirsimetin bana. Jiya Mama Saloma ta aiko a ce a dakata da komai.

Ke da kike kallon ciwo a madubin likita mai ƙara girman abu kullum, gaya mini, me ke damuna?

Uwargijiyarki,
Leah

*

Sakkwato

Assalamu alaikum Leah,

Bayan gaisuwa, wasiƙarki ta iso. Yau ba zan rama tsokanar ba, na ajiye ta sai kin warke.

Na karanta sau biyu. Su Mama Saloma sun ga abu ɗaya sun yanke hukunci, ni kuma abu uku na gani tare: al'ada ta ɗauke, nono ya zo, ganin gefe ya ragu. Ciki ba ya hana mutum ganin gefensa.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, daidai bayan hanci, akwai wata 'yar tsoka kamar ƙwayar wake, muna kiranta fituwitari. Ita ke aika saƙo cikin jini ta ce wa nono ya kawo ruwa, ta ce wa al'ada ta zo ko ta tsaya. Idan ƙari ya fito mata, sai ta yi ta aika saƙon nono ba tare da jariri ba. Jijiyoyin ido kuma ta samanta suka gitta. Idan ƙarin ya girma ya danne su, ganin gefe ne ke fara tafiya.

Ban ce shi ne ba, ba a gane ciwo ta wasiƙa. Amma ki biyo Muntaka wannan makon, kada ki jira a gama shuka. Za a ɗebi jini, a auna ido, a ɗauki hoton kai. Ki gaya wa babanki, Kawu Saje, ni na ce. Idan ya fara faɗan sojansa ki ce idonki ake magana, ba bakin mutane ba.

Inna ta share miki ɗaki, ta ce ki taho mata da daddawar Zuru.

Taki,
Basira

*

Daga bakin aiki

Zuwa ga Leah,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kina lafiya, da Baba da Mama. Ni ina lafiya. Inda muke babu sabis. Kofur Justice ya samu fas zai je gida, shi zai kawo wannan.

Mamana ta aiko mini da saƙo. Na ji abin da aka gani a coci da abin da ya faru a kasuwa. Na yi kwanaki ban ci abinci sosai ba. Na yi tunani, na yi addu'a.

Ga abin da na yanke. Na daɗe ba na gida, kuma ɗan Adam yana da rauni. Ko me ya faru, na yafe. Ba zan bar noman shekara bakwai ya tafi a banza ba. Zan yi magana da Mamana idan na samu fas. Abu ɗaya nake roƙo, ki faɗa mini ko wane ne, don kada in riƙa gaisawa da shi ban sani ba.

Ki gaida Baba.

Naka har kullum,
Mika

*

Sakkwato, gidan Gwaggo Maimuna

Mika,

Na gaishe ka. Allah ya tsare ku a inda kuke, wannan addu'ar ba zan fasa ta ba ko ina fushi.

"Naka" ka rubuta a ƙasan takardar, ko jinsin wanda kake rubuta wa ka manta. Wannan na yafe. Amma yafiyarka ka riƙe abinka, ban roƙa ba. Da zagina ka yi da ya fi mini sauƙi.

Ka ce in faɗa maka ko wane ne. To ga shi: an ɗauki hoton kaina, an ga ƙari ya kai girman goro ƙarami, zaune bayan hancina yana danne jijiyar idona. Shi ya kawo nonon, shi ya hana ni ganin mamarka a kasuwa. Idan ka zo sai ka ƙi gaisawa da shi.

Sun ba ni ƙwayoyi na sha, nonon ya ragu, amma ƙarin bai motsa ba kuma idon sai ƙara tsukewa yake. Akwai wani farin abu mai tauri a tsakiyarsa da ya rikita likitocin. Wani ya ce irin mai sa nono ne, wani ya ce wani iri ne dabam. Sun ce sai an ciro an duba. Ta hanci za su shiga. Ina jin tsoro, Mika, ba zan ɓoye maka ba.

Noman shekara bakwai ka ce kada ya tafi a banza. Noman kake tausayi ke nan. Ka tuna wa ke kawo muku ruwa gona duk shekarun nan? Shekarar farko Baba ya kira ni ya ce, "Ba zan tambaye ki ko kina son yaron nan ba. Muddin kina kai masa ruwa na san kina so. Ranar da kika ajiye tulu, in sallame shi." Ban taɓa ajiyewa ba, ko ranar da kaina ke sarawa kamar zai tsage. Kai ka yi bakwai da garma, ni na yi bakwai da tulu, amma ni ban taɓa tambayarka da wa kake gaisawa a bariki ba.

Yanzu na ajiye tulun. Ban fasa shi ba, na dai ajiye.

Leah

*

Rikoto, Zuru
Dawa ta fara fitar da kai

Baiwata,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya, ke da Gwaggo. Wanda ya wanke maka kai kana kwance ba a biyansa da baki. Mun iso lafiya. Hancin ya daina jini, ciwon kai ya tafi, idon dama ya ɗan buɗe. Na hagu yana nan yadda yake.

Amma Basira, mun gudu daga wata fitina mun faɗa wata. Kin tuna da likitan tiyata ya fito ya ce wa Baba ƙarfensa ya ci karo da wani abu mai tauri kamar ƙashi a cikin ƙarin? Kin ga Baba ya nemi wuri ya zauna, kika ɗauka gajiya ce. Ba gajiya ba ce. Tun a mota ya fara.

"Ƙashi a cikin ƙwaƙwalwa? Wa ya taɓa jin haka? Jifa ce. An jefi 'yata."

Mama ta ce, "Saje, kai dattijon coci ne fa."

Ya ce, "Dattijon coci ba makaho ba ne. Na ga an ciro wa mutum allura a gwiwa a Wasagu, da idona. Wa ya tsaya a kasuwa ya ce za ta gani? Ba Saloma ba?"

Gaskiya ne ta ce "za ki gani" ranar nan, amma wace tsohuwa ce ba ta faɗi haka in ta yi fushi? Yanzu maganar ta zaga Rikoto. Waɗanda suka ce na zubar da ciki su ne yanzu ke zuwa yi mini sannu suna cewa dama sun san matar nan ba ta da kyan ido. An daina zama kusa da ita a coci. Ranar kasuwa ba wanda ya sayi gyaɗarta. Na ɗauka zan ji daɗi, don ta ɗanɗana abin da na ɗanɗana. Ban ji ba. Na san yadda bencin coci yake faɗi idan kowa ya matsa.

Baba ya ce a kawo masa ƙashin. Zai kai wa wani tsoho a bayan Ribah da ke duba irin wannan ya faɗi hannun da ya jefa. Ya kuma rantse ko Mika ya sake noma bakwai ba zai ba shi ni ba. Ni ce ke fushi da Mika, kuma ni nake so in yanke abin da zan yi da fushina. Ban so a yanke mini da wata ƙaryar.

Don Allah me kuka gani a madubin? An ce sakamako zai fito da wuri, ga shi shiru. Ko ciwon daji ne kike ɓoye mini? Idan shi ne ki faɗa, ni 'yar soja ce.

Ki rubuta yadda zan karanta wa Baba. Ke kaɗai yake ji wa magana, don kin yi kama da kakarmu.

Leah

*

Sakkwato

Assalamu alaikum Leah, da Kawu Saje, don na san a gabansa za a karanta.

Kawu, ina gaisuwa da girmamawa. Ina fata ƙafar ba ta tashi da sanyin nan ba.

Zan fara da abin da ya fi nauyi. Ba ciwon daji ba ne. Leah, ki ajiye takardar ki numfasa, sannan ki ci gaba.

Ban ɓoye komai ba, mu ma ba mu sani ba ne sai yanzu. Abin da ake cirowa a tiyata, mukan daskarar da shi cikin kakin zuma, mu yanka shi ya fi bawon albasa siranta, mu rina shi, mu ɗora a gilashi mu duba. Naki wuƙar ta ƙi cinsa. Dole aka jiƙa shi cikin ruwan sinadari har ya yi laushi, wannan ya ci lokaci. Don haka Kawu ka yi haƙuri, babu ƙashin da za a kawo maka, ya zama zane a kan gilashi.

Da malaminmu ya duba sai ya daɗe bai ɗago ba. Ya kira mu duka ya ce mu zo mu gani, don shi ma a littafi kawai ya taɓa ganin irinsa. Ƙashi ne na gaske, da ƙwayoyinsa da komai, a tsakiyar tsokar da ba ruwanta da ƙashi. Bai yarda ya sa hannu nan take ba. Ya ce abu uku ne zai iya zama, sai mun kore biyu.

Na farko, ko ɓallin ƙashin hanci ne ya faɗa ciki lokacin tiyata. Muka koma kan hoton da aka ɗauka kafin a taɓa ki, ga shi nan zaune tun lokacin. Na biyu, ko wani irin ƙari ne da aka san shi da tauri, wanda yakan dawo ya wahalar da mutum. Don mu tabbatar sai da aka aika gilasan wani gari inda suke da rini na musamman. Rinin ya kama ƙwayoyin ƙarin, ya nuna duk masu yin sinadarin nono ne. Saura na uku: ƙarin mai sa nono ne, marar mugunta, amma ya daɗe ƙwarai har wani sashe na cikinsa ya sauya hali ya koma ƙashi. Yana faruwa, amma da wuya ƙwarai. Me ke sa shi, har yanzu masana ba su gama sani ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar na sani ba.

Kawu, kai ka fi ni sanin ƙashi. Da ƙafarka ta karye a soja, ka san yadda ka jira kafin ta haɗe, kuma wannan ƙashi ne da dama yana nan, ɗori kawai aka yi. Wannan kuwa daga babu ya fara. Na ga jijiyoyin jinin Leah sun ratsa cikinsa suna ciyar da shi. Abin da aka jefo daga waje ba ya zuwa da jijiyar mai jiki a cikinsa. Ba zan iya faɗin shekarunsa daidai ba, amma ba aikin damina ɗaya ba ne, ba na biyu ba. Rigimar kasuwa ta bana ce, ƙashin ya girme ta nesa ba kusa ba.

Leah, ki tuna ciwon kan da kike yi tun muna zuwa hutu, lokacin da su Mika suka fara golmo. Kin taɓa gaya mini wata mata tana ɗaure miki kai da ɗankwalinta a bakin gona, tana cewa rana ce. Wace ce?

Saura gaskiyar da ba ta da daɗi. Gefen idon hagu mai yiwuwa ba zai dawo ba. Za ki riƙa zuwa ana gwada jini. Maganar haihuwa, akwai kyakkyawan zato idan al'ada ta dawo, amma ba alkawari na yi ba, wannan na Allah ne.

Malam yana neman izininki ya rubuta labarin ƙarin don wasu likitoci su ƙaru, ba za a sa sunanki ba. Na ce masa uwargijiyata ce, sai ta yarda. Kin ga ko a ƙari sai da kika fita dabam da mutane, taurin kanki har ya zama ƙashi.

'Yarka kuma baiwarki,
Basira

*

Daga bakin aiki

Zuwa ga Leah,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Na samu wasiƙarki ta Sakkwato a makare, sannan na samu kwafin ta Likita Basira da kika aiko ba tare da ko kalma ɗaya taki ba. Na gane.

Ban iya magana ba, kin sani. A golmo an koya mana ko ƙaya ta shige ka kada ka ce wash. Ba a koya mana abin da za mu ce idan mu muka taka wani ba. Na ɗauka yafiyar da na yi jarumta ce. Ban tambaye ki ko lafiya kike ba. Ina jin kunya.

Na nemi fas an hana, sai bayan sabuwar shekara. Na rubuta wa Mamana. Na sa a karanta mata takardar likita daga farko har ƙarshe. Na gaya mata takardar da ta wanke ta ita ce ta wanke ki tun farko, kuma ke kika nemo ta alhali ba dole. Ban ce mata ta yi komai ba. Ba a ba uwa oda.

Maganar ido da haihuwa na karanta. Ba gona na noma wa ba. Ban roƙi ki ɗauki tulu ba, ba ni da bakin roƙo. Ina dai sanar da ke ina nan.

Naki,
Mika

*

Rikoto, Zuru
Lokacin girbin dawa

Mika,

Na gaishe ka. Wannan karon ka rubuta "Naki", an ci gaba.

Na karanta wa Baba takardar Basira. Ya daɗe yana shafa ƙafarsa. Da aka zo kan ɗankwali sai Mama ta ce, "Saloma ce." Ranar Lahadi ya tashi daga kujerar dattawa ya je ya zauna a bencin da mamarka take ita kaɗai. Maganar aure kuwa ya ce ya rantse, sai dai in ni na warware.

Mamarka ba ta zo ba ni haƙuri ba. Ranar Litinin da safe sai aka gan ta a gonarmu da lauje, tana yankan dawa. Baba ya ce ta tafi gida, ta ce ba don shi ta zo ba. Washegari ta dawo. Yara suna ta dariya wai tsohuwa ta shiga golmo. Jiya rana ta yi zafi, tun safe ba ta sha komai ba, kuma ta ƙi karɓa daga hannun kowa.

Ban ce na huce ba. Akwai maganar da sai ka zo mun yi ta ido da ido. Amma na kai mata ruwa, kuma Baba yana tsaye a kan kunya ya gani.

Allah ya dawo da kai lafiya.

Leah